Uwale Mai Ƙarfen Dalma

Shafi na 19

Masu aiko saƙo cewa na bar Uwale tsaye da ƙarfe a hannu har kwana huɗu, ku yi haƙuri, takardun ɗalibai ne suka taru mini. Ga ta nan inda muka bar ta.

Fankar ta fara juyawa.

Da farko a hankali, kamar mai shawara, sannan ta ɗauki gudu. Ordinater ɗin, wato kwamfutar, da ya yi wata bakwai a mace ya yi ƴar ƙara siririya sau ɗaya, sai ekran, fuskar na'urar, ya kawo haske.

Zauren cibiyar koyon sana'a ya yi tsit. Mutum goma sha ɗaya suka zo gwajin nan, uku ake nema a kai su Maradi karatun gyaran ordinater. Goma sun riga sun taɓa na'urar sun koma sun zauna. Uwale ce ta ƙarshe, ita ce kuma ta zo da ƙarfen dalmar babanta naɗe cikin tsumma, wanda aka yi wa dariya da safe.

Yanzu babu mai dariya.

Injiniya Attaher, dogon Ba'abzinen da aka aiko daga Maradi don zaɓen, ya taso daga kujerarsa. Ya gyara rawani, ya sunkuya, ya daɗe yana kallon cikin na'urar.

"Ɗiyata, mi kika yi mata?"

"Kondansater biyu ne suka lalace, Mushe. Na cire na sa waɗansu."

"Ina kika samu waɗansu?"

"Cikin jakata. Na wani tsohon talabijin ne. Na duba lambar jikinsu, daidai take."

"Ban ga kin taɓa mita ba. Wa ya ce miki su ne?"

Uwale ta sunkuyar da kai.

"Kansu ya tashi kamar fanke cikin mai. Kuma na sunsuna. Baba ya ce kahin ka kai hannu, ka kai ido, ka kai hanci."

"Wane ne Baba?"

Wani daga cikin masu gwajin ya amsa daga baya: "Malam Isufu mai rediyo ne, na bakin kasuwar dabbobi."

Attaher ya gyaɗa kai. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin kwalin ashana ba, ya ɗora mata a tafin hannu. Ya miƙa mata gilashin ƙara girma.

"Duba faifan da kika gyara tukuna."

Ta kara gilashin a ido. Abin da take gani kullum kamar zane-zanen banza a kan koren faifai, ashe hanyoyi ne. Ga su nan sirara, suna tafiya jere, suna karkata tare, suna rabuwa, babu wadda ta taka wata. Ta tuna burtalin shanu da ke ratsa gonaki daga arewa, yadda kowane garke ya san inda zai bi. Sai dai wannan burtali dubu ne a wurin da babban yatsa zai rufe.

"Subhanallahi," ta ce a hankali.

"Wannan ai bakin gari ne," in ji Attaher. "Garin shina cikin abin da ke tahin hannunki. Ita ce ƙwaƙwalwar. Cikinta akwai ƴan maɓallai masu buɗewa da rufewa, gilashin nan ba ya nuna su. Kin san nawa ne?"

"Dubu?"

"In kowane ɗaya ƙwayar gero ce, sai kin cika buhu tamanin ba ki gama ba."

Uwale ta dubi ɗan abin. Ba shi da nauyin goro. Ta rufe hannunta a hankali kamar an ba ta ajiyar ɗan tsako.

"Mushe, mutum ya yi wannan?"

"Mutum. Mai jin yunwa da ciwon kai irinmu. Allah ya ba shi basira, shi kuma ya zamna ya yi karatu."

Ya jawo benci ya zauna, ya yi wa sauran alama su matso.

"Ku saurara dukanku, don ba ita kaɗai nake yi wa ba. Hannu abu ne mai daraja, kuma ɗiyar nan tana da shi. Amma hannu abin da ya kumbura yake canzawa. Ranar da babu abin da ya kumbura, babu wari, na'ura kuma ta ƙi tashi, mi za ki yi?"

Uwale ta san irin wannan rana. Sau da yawa takan mayar wa makiyayi rediyonsa ta ce ta fi ƙarfinta, kunya na cin ta.

"A nan lissahi ke shiga," ya ce. "Ki auna, ki rubuta, ki san nawa ya kamata ya shiga nan, nawa ya kamata ya hita can. Shi ya sa ba mu ɗaukar wanda ba shi da breve, shaidar gama ƙaramar sakandare. Da breve za ki shiga lise teknik, sakandaren fasaha, shekara uku, lantarki da elektronik, har bak, jarrabawar hita. Bayan bak shekara biyu, ki samu BTS. Da shi ne ake miƙa miki mabuɗin ɗakin na'urori na asibiti ko na banki a ce ki kula. Mai son ya zama injiniya, ya zana irin faifan da kika gani, shekara biyar ce bayan bak."

"Lissahin da yawa ne?" wani ya tambaya.

"Da yawa. Da fizik. Da Faransanci, don sai ka rubuta abin da ka gyara wani ya karanta ya gane. Da Ingilishi, don takardar kowace na'ura da shi take zuwa. Kuma karatun ba ya ƙarewa. Ni da furfurata, bara na sake zama jarrabawa, don na'urorin da na koya a kansu yanzu sai a bola."

Uwale tana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin mayafi.

"Uku da biyu... Mushe, zan kai ashirin da huɗu ke nan."

"Ko ba ki yi karatun ba za ki kai ashirin da huɗu, in Allah ya yarda."

Aka yi dariya, har ita.

Daga teburin da ke kusurwa aka yi gyaran murya. Mushe Kimba ne, sekreter ɗin cibiyar, Bazabarme gajere mai tabarau a kan hanci, wanda ke karɓar dosiye, wato takardun masu nema.

"Injiniya, in ka gama wa'azin, zo ka ga wani abu. Ke ma zo."

Ya shimfiɗa takardu biyu gefe da gefe.

"Wannan diplom ɗin breve ne. Sharifa Isufu. Maki mai kyau, lissahi goma sha shida bisa ashirin. Wannan kuma takardar haihuwa ce ta meri, ofishin magajin gari. Uwale Isufu. To wace ce ta gyara na'ura?"

"Ni ce duka, Mushe."

"A wajena mutum biyu ne."

"Sharifa sunana ne na yanka, da shi ake kirana a lakwal, makarantarmu ta boko. Sunan kakata ne, mahaihiyar Baba. A gida ba mai iya kama shi, shi ya sa ake ce mini Uwale."

"Ina takardar da aka yi miki jarrabawa da ita?"

"Na je nema. Darakta ya ce gara ta ci kwalin takardun shekararmu."

Kimba ya cire tabarau ya murza ido.

"Ɗiyata, ni ma ina da ɗiya mai sunan uwata, na san abin. Amma a Maradi ba su san ki ba, takarda suka sani. In na aika wannan za su ce kin ari diplom ɗin ƴar uwarki. A dawo da shi, a dawo da ke."

"To a bari baɗi, in gyara."

Kimba ya juyo da takardar sanarwa, ya sa yatsa a kan layi ɗaya. Gurbin na waɗanda ba su cika ashirin ba ne. Uwale tana da goma sha tara da wata bakwai. Shekara uku breve ɗin na kwance cikin akwati, tun da idon Baba ya fara dushewa ta zauna a rumfa tana yi masa liƙi. Baɗi babu ita.

Ɗan abin da ke hannunta ya yi mata nauyi. Ta ajiye shi a kan tebur.

"Kimba," in ji Attaher, "ku Zabarmawa in kun ga takarda sai ku manta da mutum. Babu ƙofa?"

"Ku kuma in kun ga raƙumi sai ku manta da takarda. Ƙofa akwai, ƴar ƙarama. Uban ya zo nan da ƙafarsa. Ya hwaɗi sunan yanka da bakinsa, ba tare da an karanta mishi ba. In ya yi daidai da diplom, in rubuta, ya dangwala yatsa, ni da kai mu sa hannu. Da wannan dosiye zai tahi yau, takardar jastis, ta kotu, ta biyo baya."

"Motarmu na tashi bayan la'asar," Attaher ya ce mata. "Je ki zo da shi."

Uwale ba ta motsa ba.

"Mushe... Baba ya hwaɗi sunan uwarsa?"



Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a bakin kasuwa bayan azahar. Ta kutsa tsakanin tumaki da dillalai har rumfar. Malam Isufu na zaune a kan buzu, rediyon wani Bafillace daga Azagor a kunnensa, yana murɗa ta da yatsun da suka fi idonsa gani. Inna Baraka, mahaifiyar Uwale, ta kawo masa fura tana damawa a gefe.

"Uwale ce? Tahiyarki na ji. Yaya na'urar Nasara?"

"Ta tashi, Baba."

"Ta tashi!" Ya ajiye rediyon ya dubi Bafillacen. "Ka ji ko, Ardo? Da ƙarhena!"

"Baba, akwai magana."

Ta durƙusa. Ta faɗa masa duka, a hankali, tana zaɓen kalmomi. Ko ita ba ta kama sunan ba, don ba a kama shi a gabansa. Sunan yanka kawai ta ce.

Ludayin Inna ya daina motsi.

Murnar ta bar fuskar Malam Isufu kamar an ɗauke inuwa.

"Ni na jawo," ya ce daga baya. "Ranar da na je meri, ma'aikaci ya ce mi sunan jaririya. Mutane cike da ɗakin. Na buɗe baki, ya ƙi hita. Na ce Uwale. Ya rubuta."

"Ranar suna fa, Baba?"

"Kawuna ya raɗa wa liman, can Ɗan Gulbi. Duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni tun da na yi wayo harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Ko a zuci in ya zo, sai in ce Inna."

"Malam," Inna Baraka ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "a bar shi mana. Kar ka tahi. Allah ya kawo wani rabon."

"Inna, babu wani. Baɗi na wuce shekaru."

Malam Isufu ya juya fuskarsa wajen ƴarsa.

"In kin yi karatun nan, mi za ki iya da ban iya ba?"

Uwale ta nemi yadda za ta faɗa.

"Baba, ka tuna rediyoyin da muke mayarwa mu ce sun hi ƙarhinmu? Zan san mi ya kashe su. Na ga cikin faifan da gilashi, Baba. Hanyoyi ne, kamar burtali, dubu. Mutum ya zana su da lissahi. Injiniya ya ce ana koyo."

Tsohon ya murza yatsunsa. Shekara talatin da biyar yana bin hanyoyin nan da yatsa, a makance tun kafin idon ya dushe.

"Ana koyo," ya maimaita.

Ya laluba ya ɗauki hularsa.

"Ardo, bar rediyonka sai na dawo. Uwale, kama hannuna."

Ba su hau kabu-kabu ba, ya ce da ƙafa zai tafi. Suka tsaya ya yi la'asar a masallacin bakin hanya, ya daɗe a zaune bayan sallama. Uwale na waje tana kallon inuwa tana tsawo. Can baya ta hango Inna tana biye da su, ba ta matso ba, ba ta kuma koma ba.

Da suka shiga zauren, an riga an ɗaure kwalaye. Masu gwajin ba su watse ba, labari ya riƙe su. Kimba ya ga tsagen fuskar tsohon ya washe baki.

"A'a! Ashe Bagobiri ne! Shi ya sa takardun suka rikice. Bawana, ka zo gaida ubangidanka?"

"Bazabarme in ya riƙe bik na rubutu ya ɗauka sarauta ce," in ji Malam Isufu. "Ba ni wuri in zamna, yaro."

Aka ɗan yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Attaher da kansa ya kawo kujera. Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu.

"Malam, na ga aikinka a hannun ɗiyarka. Na zaga cibiyoyi da yawa, ban ga liƙi mai tsabta irin nata ba."

"Allah ne ya ba ta. Da idona na nan da na rubuta muku abin da kuke so da ajami, mu huta."

"In ya yi nauyi, a hitar da mutane. Ko ka raɗa mini a kunne."

Malam Isufu ya girgiza kai.

"Abin da za a yi shaida da shi ba a raɗa shi. Su zamna."

Kimba ya kifa diplom ɗin a kan tebur. Wasan ya bar muryarsa.

"Malam Isufu, wannan ɗiyarka ce?"

"Ɗiyata ce."

"Mi ne sunanta na yanka?"

Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya buɗe baki. Leɓunansa suka motsa, babu abin da ya fito. Gumi ya tsattsafo a goshinsa.

Uwale ta ji kamar ta ce a bari. Wane irin karatu ne za a saya da wannan? Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya juyo ba.

"Allah ya jiƙan ki, Inna," ya ce a hankali. "Ki yahe mini. Don jikanyarki ne."

Duk wanda ke zauren ya sunkuyar da kai. Attaher ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska har ido. Uwale ta dubi mahaifinta, wannan siririn tsoho mai ƙunar dalma a yatsu, ta ga bai taɓa yi mata girma irin na yau ba. Shekara goma sha tara, ba ta taɓa jin sunanta daga bakinsa ba.

Ya miƙe zaune, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Suwaiba."

Hawaye suka zubo masa.

"Sunanta Suwaiba. Sunan uwata ke nan."

Bik ɗin Kimba ya tsaya a sama.

Uwale ta matso kusa da shi.

"Baba... mi ka ce?"

"Kar ki sa in sake, ɗiyata."

Kimba ya juyo da diplom ɗin a hankali. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa Attaher.

"Malam, nan Sharifa aka rubuta," in ji Attaher.

"Wace ce Sharifa?"

"Ni ce, Baba! Da shi aka kira ni tun ranar hwarko a lakwal! Ba shi ne sunan kaka ba?"

"Na sha jin ƙawayenki na hwaɗin haka, na ɗauka laƙabin ƴan lakwal ne." Ya juyo wajen ƴarsa. "Wa ya rubuta ki? Wa ya kai ki ranar hwarko?"

"Ni ce, Malam."

Kowa ya juya. Inna Baraka na tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Kana Ɗan Gulbi wajen girbi. Mushen lakwal, malamin, ya ce ba ya rubuta Uwale, sai sunan yanka. Iyaye cike da hili, duk suna kallona." Ta fashe da kuka. "Kai da ta haifa ka kasa. Ni ta yaya zan kama sunan uwar mijina? Na hwaɗi wanda ya zo bakina."

A waje mota ta yi ham sau biyu. Direba ya leƙo ta taga.

"Injiniya, kowa ya shiga. Mu tahi?"